Takun Dattijo da Awon Mita

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma kowace shekara sai na gaya wa ɗalibai cewa mita ɗaya mita ɗaya ce, ko a Minjibir ko a duniyar wata. Nakan ƙara musu da cewa masana da lokaci suke ƙayyade ta, wato tazarar da haske ke ci a wani ɗan mitsitsin yanki na sakan. Ina son maganar nan, har gobe ma ina sonta. Da ita a kaina na je rabon gonar mahaifinmu.

Mu biyu ya bari, ni da ƙanena, don Inna ta riga shi rasuwa. Ƙanena bai yi boko ba. Noma ne sana'arsa, da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'ya shida. Ni kuwa ina da albashi, gona a wurina ta marmari ce. Gonar doguwa ce. Gabashinta baƙar ƙasa, nan Baba ya yi shekaru yana zuba takin gida saboda ya fi kusa. Yammacinta jigawa, rairayi zalla.

A ƙauyenmu akwai dattijon da ke raba gona da ƙafa. Ranar rabo da hantsi ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya fara taku daga gabas yana ƙirgawa a fili. Na zuba masa ido. A baƙar ƙasa tafiyar mai ciwon gwiwa yake yi, ƙafa kusa da ƙafa. Da ya shiga rairayi sai ya ware ƙafa, yana dogon taku. Ya ƙare da ɗari biyu da arba'in, ya juyo a kan sawunsa har taku na ɗari da ashirin, ya kafa kara.

Kowa ya duba ya san karan nan ba a tsakiya yake ba. Yamma ta fi gabas tsawo nesa ba kusa ba.

Na ce wa dattijon, "Baba, wannan wane irin lissafi ne? Ai takunka ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Malam, ƙasar ma ai ba ɗaya ba ce."

Raina ya ɓaci, don ni ba na jure a yi wa lissafi wasa. Ba zalunci na nufa ba, a lokacin ma ba a san wanda zai samu wane ɓangare ba. Na ɗauko tef ɗin awo daga babur, na tsaya a gaban shaidu na yi musu lacca: idan abin awo yana miƙewa yana ƙanƙancewa, to lambar da ya bayar ba ta da ma'ana. Dattijon ya saurara har na gama, ya sa takalminsa, ya ce, "To, ku da gonarku." Na dubi ƙanena. Ya ce, "Yadda ka gani, Yaya."

Na auna, na fitar da tsakiya, babu ragi ko na ɗan yatsa. Aka yi ƙuri'a da karare biyu, gabas ta faɗo mini. Aka dasa gamba a iyaka, aka shafa fatiha.

Da kaka ta zo, ni, wanda 'yan ƙodago suka yi wa aiki, na ɗaure dami arba'in na gero. Ƙanena, da ke wuni a gona, da kyar ya kai ashirin. Shekara ta biyu ma haka. Tun kafin sabon gero ya nuna rumbunsa ya ƙare. A nan na gane cewa dattijon ba fili ya auna ba, dami ya auna, da shekarun da Baba ya yi yana kai taki. Lissafina bai yi kuskure ba ko kaɗan. Lamba ce dai ba ta san abin da take ƙirgawa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na je na ce wa ƙanena mu sake rabo, ko mu yi musaya. Ya ce, "Haba Yaya, a gaban jama'a aka yi, gamba ma ta kama. Rabona ke nan." Yanzu da rani kasuwar Dawanau yake zuwa dakon buhu, da furfurarsa.

Dattijon ya rasu. Bara na je gonar ni kaɗai, na tuɓe takalmi na gwada irin takunsa. Wallahi ban san inda zan fara ware ƙafa ba, tafin ƙafata bai gaya mini komai ba.

Duk kaka ina aika wa ƙanena dami goma a amalanke, daidai abin da lissafi ya nuna. Da yamma sai ya zo gidana, ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "An ga saƙo, Yaya. Allah ya saka da alheri." Geron gonar ubansa yake yi mini godiya a kai.