Daren da Na Hana Mai Tabur Komowa

Ran Juma'ar da ta wuce na shiga wani gidan kallo a Madawa don kawai in rage lokaci. Fim ɗin soyayya ne na ban dariya: wani saurayi mai butik, wato ɗan shago, da ciniki ya ƙi shi, da wata budurwa da kullum take zuwa sayen abin da ba ta buƙata. Samari suna ta dariya har da dukan benci. Da saurayin ya dawo daga tafiya a ƙarshe, ɗakin ya ɗauki tafi da fito. Ni kuwa, ƙato da furfura a gemu, na sunkuyar da kai ina share hawaye da hula. Na san irin labarin nan tun ina ɗan shekara tara, daga bakin kakata, Inna Hajo.

A Sabon Gida muke lokacin. In an gama girbi sanyi ya shigo, bayan tuwon dare mukan kewaye wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki da yaran maƙwabta. Sai ta gyara zama ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga ta can ta biyo hanyar Bangi, wa za shi tarbe ta?" Mu ce mu ne. Labarin kura da na zomo duk muna so, amma na Mai Tabur muke roƙo.

Wani saurayi ne ya kafa tabur a bakin kasuwa, yana sayar da sukari da sabulu da ashana. Ranar farko akuyar maƙwabta, Ja'e, ta cinye sabulun, ta yini tana amai da kumfa. Ruwan sama ya narkar da sukarin, tururuwa kaɗai suka yi ciniki. Sai wata mai ƙuli-ƙuli da kullum take sayen kwalin ashana, har uwarta ta tambaye ta ko garin za ta ƙona. In ya hango ta sai in'ina ta kama shi, ya auna mata gishiri a madadin sukari. Inna takan kwaikwayi in'inarsa har mu kwanta ƙasa don dariya. Suka yi aure, tabur ya ƙarasa karyewa, ya hau mota zuwa ƙasar Kwaddibuwa neman jari, ya ce damina biyu zai yi.

Nan Inna take tsayawa ta dube mu. "To, ɗiyana, ya komo ko bai komo ba?"

Mu haɗa baki mu ce ya komo. Fuskarta ta washe, ta shiga lissafa tsaraba. Wani dare ya zo da rediyo, wani dare da atamfa shuɗiya. Wani daren ba ya zuwa da komai sai ciwon ƙafa, amma matar ta ɗora masa ruwan zafi tana yi masa tsiya.

Ni yaro ne mai son a ce ni na fi kowa ban dariya. Wani dare, tana yin tambayar, na riga kowa buɗe baki: "Bai komo ba, Inna. Ya samu wata can, wadda ta hi ta kyau."

Yara suka fashe da dariya, na ji kaina ya kumbura. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kara ta tura garwashi, ta daɗe tana tura shi. Ita da kullum take kirana mai gidanta cikin wasan jika da kaka, ta ce a hankali, "Tunda mai gida ya hwaɗi, shi ke nan. Bai komo ba. Ku tahi ku kwanta." Daga ranar, ko mun yi ta roƙo, sai ta ce ta manta labarin.

Sai bayan rasuwarta, ina aikin koyarwa, na ba mahaifiyata wannan labari ina dariya. Ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Cikin gatanar nan har akuya tana da suna," ta ce. "Ka taɓa jin ta hwaɗi sunan Mai Tabur?"

Na ce a'a.

"Mace ba ta hwaɗin sunan mijinta. Tana da cikina babana yat tahi. Ku aka ce ma ya rasu, amma ko labarin gawa ba mu samu ba."

Da ina tsammanin mu Inna take yi wa tatsuniya. Ashe mu ne muke yi mata. Ta ɗauki abin da ya fi ci mata rai ta mai da shi abin dariya, don kawai a ƙarshe ta ji bakin yara goma sun ce mata ya komo, ta samu ta yi barci. Abin da ya rage mata ke nan, ni kuma na ƙwace shi don a yi mini dariyar minti ɗaya. Har yau in na tuna, zuciyata ciwo take.

Shi ya sa ban ga laifin samarin nan masu tafi ba. Wa ya san wanda kowannensu yake jira daga Abijan ko Libiya? Da aka kunna fitila kowa ya watse, na zauna ni kaɗai a kan benci, na ce, "Ya komo, Inna." Ba wanda ya tambaye ni.