Na Sallama Ciniki Ban Ga Gidan Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni matar malamin firamare ce a Goronyo. Na gama karatun koyarwa, aiki ya ƙi samuwa, zaman gida kuma ya ishe ni. Wata 'yar uwata a birnin Sakkwato ta koya mini sana'ar share gidaje da wanke su, irin wadda ake kiranka musamman idan an gama gini ko za a kai amarya. Na dawo na tara mata uku muka fara. Babbarmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, mai riƙon jikoki marayu, in babu aikin shara sai ta yi wa mata kitso. Hannuwanta su ne gonarta, kuma ni ce silar lalacewarsu. Shi ya sa na rubuto muku, don har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Mutane suna ɗauka aikinmu a ƙirga ɗaki ne a faɗi kuɗi. Ba haka ba ne. Sai ka shiga gidan da ƙafarka, ka ga ko siminti da fenti sun daskare a kan tayil, ka leƙa banɗaki, ka ɗaga kai ka dubi silin. Ka tambaya ko akwai ruwa a gidan, don in babu, 'yan ga-ruwa kaɗai za su cinye ribarka. Ka lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da sabulu, da maganin wanki, da safar hannu ta roba ga kowace ma'aikaciya. Bayan duk wannan ne ake buɗe baki. Wadda ta koya mini ta sha nanata cewa gani ya kori ji, kuma na san haka kamar yunwar cikina.

Wata rana wata Hajiya daga Wurno, aminiyar yayar mijina, ta kira ni a waya. Ta ce ɗanta zai yi aure, gidan ɗaki uku ne da falo, sabo fil, ƙura ce kawai ta sauka. Na ce bari in zo in duba. Ta yi dariya, ta tambaye ni wai mi za ni gani a gidan da ba a taɓa kwana ba, ai ni ɗiyarta ce, ba za ta cuce ni ba. Ta yi ta zuba mini kirari har kaina ya kumbura. Na faɗi kuɗin gidan da ƙura ce kawai a cikinsa, ta nemi ragi saboda zumunci, na rage. Ta ce na sallama? Na ce na sallama. Da na zauna na duba, kuɗin ba za su ɗauki komai da komai ba, sai na cire safar hannu daga lissafin, na ce ai ƙura ba ta cizo.

Ranar aikin da muka isa gidan, tun daga bakin ƙofa wari ya mare mu. Gaskiya ne ba a taɓa kwana a gidan ba, amma an ba 'yan kasuwa haya sun jibge albasa a ciki, rabinta ya ruɓe, ruwanta ya bi tayil ya bushe ya yi baƙi ƙirin. Masu gini sun bar siminti ko'ina. Jemagu sun mayar da silin gidansu. Rijiyar tsakar gida kuma ko ɗigo babu. Na koma wajen Hajiya na ce wannan ba aikin da muka yi magana ba ne, sai a sake ciniki. Ba ta amsa mini a keɓe ba. Ta ɗaga murya a gaban matan biki, ta ce su zo su ga 'yar zamani, ta sallama da bakinta yanzu tana neman lashe amanta. Ta ce gobe dangin amarya za su iso daga Rabah su yi jere, in na tafi ita za ta je gidan surukaina ta faɗa musu irin matar da suka ajiye.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin kalmar sallamawa. Amma ita sallamawa a kan gaskiya ake yin ta, kuma na san haka a lokacin. Da na juya da matana, da iyaka a zage ni na kwana biyu. Kunya ce ta kama ni, da tsoron abin da za a ce. Na haɗiye fushina muka shiga aiki. Da na ga sabulu ba ya taɓa dattin, ruwan da zan iya saye kuma ba shi da yawa, sai na aika aka sayo asid ɗin wanke tayil, wanda ke cinye siminti. Biyu daga cikin matan suka ɗaura leda a hannu, da ta yage suka koma goge tagogi. Gwaggo ta ce ita ta saba, hannunta ya ga jiya ya ga yau. Ta durƙusa tana dirza da tsumma tun hantsi har la'asar. Hannunta da ma yana da faso. Na gan ta tana yarfe shi tana hura masa iska, na kau da kai saboda ina so a gama.

Washegari yatsunta suka kumbura, fatar ta saɓule. Kafin mu kai ta asibiti ciwon ya yi ruwa. An yi magani, ya warke, amma yatsu uku na hannun dama sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Na je Wurno na gaya wa Hajiya, ba don ta ba ni komai ba, don ta san abin da ƙaryarta ta haifar. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ƙaddara ce, ta sa aka zubo mini cincin ɗin biki a leda. Na bar mata kayanta a kan tabarma na fito. Har yau ban yafe mata ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta riƙa ba mutane lambata tana cewa ga mai aiki da araha.

Amma ko na zage ta daga nan har Rabah, ba ita ta cire safar hannu ba. Ni ce. Yanzu ko uwata ce ta kira ni, sai na taka gidan kafin in faɗi kuɗi, kuma wanda ya ga sun yi yawa ya ɗauki tsintsiyarsa. 'Yan uwana masu wannan sana'a, kada zumunci ko daɗin baki ya sa ku yanke farashi a waya. Ku kuma masu gida da ke ɓoye datti don a rage muku, ku sani ragin nan daga jikin wani yake fita, kuma Allah yana gani.

Gwaggo ta daina kitso. Ina kai mata abin da ya sawwaƙa duk wata, ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba ko sau ɗaya. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi. In ta ji sallamata daga zaure, sai ta yi sauri ta cusa hannunta cikin hijabi don kada in gani.