Ƙadangaren da Ya Hana Ni Haƙora

Ko da tsufa zai kwashe mini hankali kakaf, ba zan manta da shekarar da aka sa wa dasashina ranar yanka ba. Lokacin ina ɗan shekara goma a Gwandu, saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu.

Na yi famfara kamar kowane yaro, haƙora suka zube suka dawo, ban da biyu na sama, waɗanda ke gefen manyan gaba. Shekara biyu shiru. Giɓin nan kuwa, in na yi dariya sai ka hango abin da na ci jiya. Yaran unguwa suka ce ƙadangare ne ya gani, don kowa ya san in ya ga giɓinka haƙori ya tafi ke nan. Na ɗaura yaƙi da ƙadangaru har suka yi hijira daga unguwarmu.

Kakata ta wajen uba ba ta yarda da zancen ba. Ita cewa ta yi zazzaɓin da Inna ta sha tana da cikina ne ya sa haƙoran suka maƙale a ciki. "Angona, kwantar da hankalinka," in ji ta. "Bayan girbi wanzami zai tsaga wurin su hito." Na san wanzamin nan. Askarsa a idona ta fi takobi.

Inna tana daka, tana ji, ba ta ce uffan ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban surukarta ta kare ni. Na yi fushi da Inna ƙwarai. Ashe wautata ce. Kwana uku sai ta nemi izinin zuwa Kalgo barkar haihuwar ƙanwarta, ta ce, tana kallon bango, "Wancan ya zo ya riƙa mini ƙunshi."

Kwana biyu muna bisa jaki. Da muka isa, na tarar da kakana na wajen uwa a zaure, amawalin rawani ya rufe masa baki, ni kuma na rufe nawa da hannu.

"Kai, ɓarawon matata, mi kaka ɓoyo?"

Na ce ƙadangare ya cuce ni, kuma wanzami na jirana. Tsohon nan ya janye amawali ya ƙyalƙyale da dariya. Giɓi biyu, daidai inda nawa suke! Ya ƙwala wa kawunnaina kira, mutum uku suka jeru suka washe baki. Biyu irina ne sak. Wallahi kamar an jera ƙofofin gari.

"Wanga ƙadangare naku akwai ƙoƙari," in ji shi. "Tun kan ubana yaka bin mu, ga shi har ya kai Gwandu. Gadonmu ne, yaro. Uwarka dai ya tsallake ta. Ko an tsaga har ƙashi ba a iske komi."

Da kansa ya rako mu gida. Bayan gaisuwa ya sauke amawali gaban kakata, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haɗa surukuta. Ta duba shi, ta duba ni, ta tafa hannu. "Ashe a Kalgo aka cinye haƙoran angona!" Wanzami dai aski kawai ya yi mini ya tafi.

Na girma na ji daga bakin wani malamin asibiti cewa ciwo a lokacin goyon ciki kan jawo haka jefi-jefi, amma yawanci a jini ake gadonsa. Yanzu ga 'yata ta biyu da giɓinta, kuma na hana kowa zagin ƙadangare a gidana.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ɗauko aska ka tambayi asalin abu. Kuma uwa ko al'ada ta ɗaure mata baki, ƙafafunta ba a ɗaure suke ba.