Kande Mai Ɗanɗana

A Ɗanzomo na tashi, a ɗakin kakata Iya Dije. Da sanyi, in an idar da magariba an ci tuwo, sai mu kewaye ragowar garwashin murhu, ita tana ɓarar gyaɗa. Ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. Takan ce, "To ga ta nan tafe, mai tsoro ya tashi tun yanzu." Ba wanda ke tashi.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Kande.

Wai wata shekara ruwa ya ɗauke, rijiyoyin wani gari suka ƙafe, mutanen suka ɗaure kaya suka nausa kudu. Da suka yi nisa sai daji ya sauya musu. Babu tafasa, babu yaɗiya, ganyayen duk baƙi. A hanya wata baƙuwa, Kande, ta roƙi ta bi su da 'yarta. Madugu ya yarda, da sharaɗi: duk abin da ba a sani ba, su za su fara ci. Kuma ba za su ci tare da jama'a ba, sai can gefe.

Haka aka yi ta tafiya. A jefa musu ganye ko saiwa da yamma, da safe a leƙa. In suna numfashi, kowa ya ci. Ran nan aka ba 'yar wasu 'ya'yan itace jajaye, kafin asuba ta rasu. Madugu ya ce, "Madalla, mun gane wannan ba a ci." Aka wuce.

Suka isa wata fadama cike da saiwa mai kama da rogo. Aka jefa wa Kande. Ta lasa, harshenta ya ɗau ƙaiƙayi, sai ta jiƙa ta a ruwan toka, ta dafa, ta zubar da ruwan, ta sake dafawa, sannan ta ci. Da safe aka gan ta zaune lafiya. Ba wanda ya ce mata, "Yaya kika yi?" Suka haƙa, suka gasa, suka ci har suka ƙoshi. Tana zaune tana kallonsu.

"Iya, har da yaran suka mutu?" in ji yayata.

"Har da su."

"Me ya sa ba ta faɗa musu ba?"

Iya ta watsa ɓawon gyaɗa a wuta. "Wa ya tambaye ta? Tatsuniya ta ƙare. Ku tashi ku kwanta."

Na daɗe ina jin haushin Kande. Yanzu mota nake ja tsakanin Gumel da Maigatari da ƙauyukan gefe. Damina ta rikice, hanyar da ka bi jiya yau ruwa ya cinye ta. In muka tarar da haka, sai direbobi su yi layi, kowa ya kashe mota, a jira mai ƙaramar akori-kura da ba shi da halin kwana a hanya. Shi zai fara shiga. In ya nutse, a juya. In ya haye, sai a afka a bayansa, ba a tsaya an ji ta ina ya bi ba.

Bara na ga wani ya haye. Ya tsaya a tsallake ya ga babbar mota ta nufi ramin da ya kauce wa. Ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, sai ya sauke, ya ja motarsa ya tafi.