Malama Bernice, Wadda Ta Fassara Mana "Caji"

Shekara talatin da biyu ƙarfe bakwai na safe bai taɓa riskar Malama Bernice a gida ba. Takan buɗe ɗakin karatu na sakandaren da take aiki a Kafanchan, ta kori awakin da suka mamaye baranda, ta liƙe littattafan da suka yage. Ɗalibai na shiga aji sai ta jawo littafin rubutunta ta ci gaba da ƙaga labarai: yaron da abokai suka ba tramol kafin wasan ƙwallo, yarinyar da ta fara shan kodin a kwalbar lemo. Ranar Asabar ta karanta wa matasa a gindin mangwaro, kusa da tashar jirgin ƙasa. Mu kuwa manyan gari muna wucewa muna taɓe baki. "Mama Tatsuniya" muka laƙaba mata, kuma ba don yabo ba.

Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Gershon, dillalin citta kuma dattijo a ikilisiya. Ya tsinci kwafin labarinta a jakar ɗansa Eli, ya ga sunayen ƙwayoyi ɓaro-ɓaro, bai tsaya karantawa ba ya nufi makaranta. A gaban ɗalibai ya maka takardun a kan teburinta.

"Madam, kai ne kana ɓata mana yara ko? Yarona ba ya sha komai. Daga gida sai coci, sai wurin caji."

Ta ɗago kai. "Wurin caji, Baban Eli?"

"E mana! Wuta babu. Har waya na ma ina ba shi ya kai."

Ba ta yi dariya ba, ba ta rama ba. Ta sallami ɗaliban, ta tura ƙofa, ta buɗe masa shafi na huɗu ta ce ya daure ya karanta. A nan yaron labarin ke ce wa uwarsa zai je caji, ya zagaya bayan kango ya afa ƙwaya, domin a bakin matasa abin da kalmar ke nufi ke nan. Gershon ya karanta sau biyu. Ya tuna sau nawa wayarsa ta dawo a mace, Eli na cewa janareta ya lalace, idanunsa jawur. Shekara guda cur da bakinsa yake ce wa yaron a dawo lafiya. Kunya ta rufe shi, ya fice ko haƙuri bai ba ta ba.

Malama, ke ce kika binne wannan magana a cikinki. Ke ce kika lallaɓo Eli, kika raka shi wurin likita, ya koma shan ƙwaya har sau biyu ba ki yada shi ba. Yau yana gyaran babura a Kachia, hankalinsa garau. Uwa mai rufa asiri, da mun san haka da ba mu yi miki ba'a ba.

Ba daga bakinta muka ji ba. Gershon ne ya miƙe a taron sallamarta daga aiki watan jiya, hula a hannu, ya fayyace komai. "Shekara shida ina canza hanya don kada mu haɗu," in ji shi. "Madam, ka yafe mini. Ka san yarona fiye da ni." Kowa a zauren ya sunkuya, don ba gidansa kaɗai aka yi wannan makanta ba.

Mun gode, Malama, ko da yake godiyar ta makara. Littattafai goma sha huɗu ta cika da hannunta, suna nan suna jiran masu karanta wa jama'a, kuma bai kamata su daɗe suna jira ba. Gershon ya riga ya karɓi na farko. Karatunsa da gargada, amma ya ce a taron dattawa zai fara, domin yaran sun daɗe da sanin abin da ke ciki.