Kwabban Delhi da Na Goge

A Zongon Kumasi na tashi, a hannun Kaka. In an ci tuwo sai ta tura itace cikin murhu, mu kewaye ta, hayaƙi na shigar mana ido. Ba ta fara labari sai ta ga kowa ya wanke hannu.

Akwai wanda ta fi so. Wai 'yan mata biyu suka tsinci baƙar tukunya a rafi. Ta farko ta tsallake ta wuce. Ta biyu ta zauna da toka da lemun tsami tana dirza, sai ga zinariya, ta yi arziki. Nan Kaka za ta nuna ni da muciya: "Ke Ladidi, mai ƙiwa! Duk ƙarfen da ya yi baƙi, ƙazama ce ta bar shi."

Na riƙe wannan har na yi furfura.

Shekaru huɗu da suka wuce ina kula da wani tsohon Ba'indiye a unguwar Jamaica, can ƙasar waje inda nake aiki, tsohon malamin makaranta. Yana da akwati cike da tsofaffin kwabbai, wai daga ƙasar birnin Delhi aka tono su. Akwai ɗaya da yake ɗagawa kullum, ya ce mini: "Mama, sunan wani sarki ne a nan. Bai daɗe a sarauta ba, littattafai sun kusa mantawa da shi. Wannan ne shaidata."

Ni kam tsatsa na gani, kore da baƙi. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Ranar da 'yarsa ta kai shi asibiti, na ce bari in faranta masa. Lemun tsami, gishiri, soson ƙarfe. Na dirje kwabban tas, har da na sarkin.

Da ya dawo ya ɗauki na sarkin, ya juya shi, ya sake juyawa. Sumul. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Mama, ina sunan?" 'Yar ce ta buɗe mini ƙofa, ta sallame ni daga aikin.

Bayan nan na shiga ajin manya a unguwar Mount Hope, ina kusan sittin, na koyi baƙi. Sai yanzu na san nauyin abin da na kankare. Kaka ba ta yi ƙarya ba, ita dai tukunya kawai ta sani. An koya mana dirza tun muna yara, karatu kuwa aka ce ba namu ba ne.

Sarkin nan ya tsira daga ƙasa da ruwa shekaru ɗaruruwa. Ni na gama da shi kafin la'asar.