Bargon Kesa

A unguwarmu da ke garin Aizu da wuya ka sami gidan da ba a taɓa lulluɓa da bargon da Igarashi Fumie ta ɗinka ba. Shekara hamsin ta yi tana cusa auduga tana ɗinkewa, bakinta kuma ya fi allurarta tsini. Ni maƙwabciyarta ce, na sha faɗanta har na saba.

Tana da shekara tamanin da huɗu gidan tarihin yaƙi ya sa ranar iyalai. Aka ce duk wanda kakansa ya yi yaƙin da ya kafa sabuwar gwamnati, wanda aka ci garinmu a cikinsa, ya zo da shaida a sa sunan a littafin tunawa. Fumie ta ce in fito da mota. Sunan kakar mahaifiyarta, Kesa, take so a rubuta.

Masu layi kowa da takobi ko tsohuwar takarda. Mu kuwa ƙunshi muka rungumo, wani bargo da faci ya cinye shi har ba a gane asalin launinsa. Gaskiya na ji kunya.

Jami'in da ke kan tebur, wani mai furfura da ake kira Kuwabara, ya tura mata fom.

"Iya, wace runduna? Wane muƙami?"

"Runduna? Mace ce, ɗan nan."

"To ai littafin na mayaƙa ne."

"Lokacin da aka kewaye ganuwa wata guda ana ruwan harsashin igwa, wa ke jiƙa bargo ya faɗa kan harsashin kafin ya fashe? Kakanka ne?"

Aka kwashe da dariya a layi. Kuwabara ya sa farar safar hannu, ya juya bargon a hankali.

"Ki yi haƙuri, Iya. Wannan yadin na sama bai fi shekara talatin ba."

"Ashirin da shida. Ni na sa shi."

Haka ake yi a gidansu. Duk 'yar da ta gaji bargon sai ta ɗora nata facin a kan na uwarta, ba a cire na ƙasa. Shi kuwa Kuwabara wannan ne ya sa ya ce ba zai karɓa a matsayin shaida ba. Raina ya ɓaci, na ce mata mu tafi.

"Tafi ke. Ni yanzu na zo."

Ta zauna dirshan a ƙasa, ta ciro almakashi daga jaka, ta hau farke ɗinki. Ta cire nata facin. Ta cire na mahaifiyarta, alhali ɗinkin uwar ke nan kaɗai da ya rage mata. Ba ta tsaya ba. Ta cire na kakarta. Mutane suka bar layi suka zagaye ta.

Saura faci ɗaya na ƙarshe. Da ta ɗaga shi sai ga rami mai faɗin faranti, gefensa baƙi ƙirin, audugar ta ƙone ta dunƙule. Kuwabara ya durƙusa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya nuna facin da ya rufe ramin, mai ɗinki karkatacce.

"Wannan fa? Kamar yaro ne ya yi."

"Kul! Kesa ce da kanta."

"Ashe ta rayu?"

"Da ta mutu wa zai haifi kakata? Hannun dama kawai ta baro a can. Da hagu ta yi wannan."

Kuwabara ya koma kujerarsa, ya jawo littafin, ya ɗauki alƙalami. Fumie ta miƙe da ƙyar, ta dafa tebur.

"A'a, ba a gefen shafi ba. Cikin layi, tare da mazan."

Ya rubuta. Ba ta ɗauke ido ba sai da tawadar ta bushe.